Hular Aro

A Rigasa, bayan layin dogo,
ana tada gidajen gwamnati.
Takardar kwangila ta ce
cikin kowane lebura goma
huɗu su fito daga unguwarmu, masu ƙaramin ƙarfi.
Ɗan'asabe ya karanta mana
da gilashinsa mai ƙafa ɗaya.

Amma kullum asuba tifa ke sauke baƙi,
su ɗauki bulo, mu zuba ido.

Ranar zuwan masu duba aiki
aka raba mana hulunan roba,
riƙe shebur, kalli nan, murmusa.
Kafin la'asar an ƙirga hulunan, an karɓe.

Cokalin ginina na cikin buhu, tsatsa na lasarsa.
Gobe za mu ofis da takardar nan,
ko da a ƙafa ne.