Dodon Shafi na Arba'in

Ina ɗan shekara tara a Duluth,
dusar ƙanƙara ta toshe mana taga,
na aro wani koren littafi a laburare.
A shafi na arba'in dodo ya fito.
Kwana uku ban leƙa ƙarƙashin gado ba.
Mama ta bar fitilar falo a kunne,
ba ta tambaye ni dalili ba.

Yau Asabar na kai Odessa silima,
gugguru a cinya, ƙafafunta na reto.
Sai ga dodona a majigi:
ya yi tumbi, an goge masa haƙora,
ya taka sabulu, ya faɗi tim,
ya maƙale a injin wanki yana atishawa.
Zauren ya kece da dariya.

"Baba, wannan ka ji tsoro?"
Na ce, "A'a, wannan ƙaninsa ne.
Babban ba ya yarda a ɗauke shi hoto."

Da dare ta toge a bakin ƙofa.
"Babban fa, yana ina?"
Baki shi ke yanka wuya.
Na kunna fitilar falo,
na zauna a ƙasa, bayana da bango,
har numfashinta ya daidaita.
Nawa ne ya ɗan jima.