Mai Zuba Shayi

Shekara ashirin da ɗaya Kawu Mumuni ya yi
a wani akurkin ɗaki bayan kujerun silima, gangaren Asawase,
yana ɗaura faifai a majigi, zafi na gasa masa ƙeya.
Bai taɓa taka Landan ba,
amma ya san ta fiye da lungunan Kejetia:
yayyafinta marar zuciya,
fitilar titi guda ɗaya tal,
da mutumin da ke tsaye ƙarƙashinta riƙe da jarida
wadda ba karanta ta yake ba.

Shi ya koya mini kallo.
Lantana, in ji shi, daina bin mai bindiga da ido,
mai bindiga ɗan aike ne.
Dubi wanda ya riga kowa zuwa ta'aziyya.
Dubi mai zuba shayi.
Da ɗan gari akan ci gari,
ko da garin na Turawa ne.

Na ce, Kawu, jakar nan da suke kashe juna a kanta,
me ke ciki?
Ya ce, oho.
Yau taswira, gobe sunayen mutum bakwai,
jibi ko tsumma ne, su dai su yi ta gudu.
Ba don a buɗe ta aka ɗinka ta ba.

Ya ce, zuba mutum shida a tarago, ja ƙofa,
tura jirgin cikin ramin dutse.
Haske na dawowa, ƙirga: biyar.
Ya ce, nuna agogo sau uku, kada kowa ya ambace shi.
Kashe kiɗa. Bar takalmi shi kaɗai ya hau matakala.
Shi kansa, in an zo canjin faifai a daidai bakin ƙofar,
yakan ƙirga goma a zuci kafin ya kunna,
don ya ji numfashin Zongo ya tsaya a hannunsa.

Amma uwar dabara, in ji shi, ita ce
ka sanar da mai kallo abin da jarumi bai sani ba.
A nan ne 'yan dako da masu sayar da goro kan miƙe tsaye,
kada ka sha! kada ka sha!
da Hausa, da Asantanci, da guntun Turanci,
Bature kuwa ya ɗaga kofi
yana murmushi.

Silimar yanzu shagon taya ce.

Yau Talata, a asibitin Komfo Anokye,
likita ya yafito ni gefe da biro.
Ambulan ruwan ƙasa. Na ninke ta biyu,
na cusa tsakanin carbi da katin motata.
A tiro-tiro Kawu na ta lissafin kwanon rufi,
wai bayan damina zai sauya na ɗakin tsakiya,
wai zai kai jikansa ya ga teku a Ankara.
Ni ce gidan silimar duka,
ni kaɗai a tsaye a kan benci,
ihu cike da bakina, ba mai ji.

Da magariba aka ɗauke wuta.
Na kunna aci-balbal, na ɗora ruwa.
Agogon bango, wanda ban taɓa jin motsinsa ba,
ya fara magana.

Na miƙa masa kofi.
Bai dubi jakar da na rataye a ƙusa ba,
hannuna ya duba,
yadda cokali ke kaɗa ƙararrawa a bakin tangaran.

Ya kurɓa. Ya daɗe.
Ya ce, sau biyu kika sa sukari.

Na buɗe baki, ya ɗaga yatsa,
irin ɗagawar da yakan yi a akurkin ɗakinsa.
Bar ta a rataye, in ji shi.
Ƙirga goma tukuna.