Falle Goma Sha Uku

Bara ɗakin Iya ya sha ruwa,
Tasa huɗu muka jera, har da ƙwaryar nono.
Tana tsakiya a takure, carbi a hannu,
Tana ƙirga ɗigo, ni ina ƙirga hadari.

Bana da na kaɗe riɗina na auna,
Na ce kwano zan ɗora, azara ta huta.
Na ƙulle kuɗin a lalita,
Na hau akori-kura sai Gujungu, tun da wuri.

Shagon Alhaji Cindo yana bayan 'yan katako.
Na ce falle goma sha uku, da ƙusa mai hula.
Ya faɗi kuɗi, kunnena ya yi ɗum.
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya ce haƙuri.

Ina nan tsaye sai ga Nomau kafinta,
Guntun fensir a bayan kunne.
Bai rufe sallama ba an turo masa benci,
Yaro ya ruga sayo ruwan sanyi da sauri.

Kwanon nan dai, kaurin nan dai,
Wanda na ƙwanƙwasa da ɗan yatsana,
Aka karya masa farashi ina ji ina gani.
Na ce, "Alhaji, nawa kuɗin jabu ne,
Ko shi nasa an shafa masa turare da gishiri?"

Cindo bai ɗago daga littafin bashi ba.
Ya ce, "Kai yau na gan ka.
Ba ka dawowa sai rufinka ya yi tsatsa.
Shi kowane mako da ƙafarsa a nan,
Bandir yake ɗauka da ɗaurinsa.
Kai sai na kwance, ka bar mini bakwai suna kallona.
Kwance ɗaurin nan kake biya, Barau.
Mai ɗaiɗai daban, daban ɗan sari."

Sai na tuna watan jiya a ƙofar gidana,
Nomau yana cewa, "Kawo in sayo maka, ka huta."
Kuɗin da ya yanka mini, shi ne na Cindo cif.
Ashe a tsakanin farashi biyu
Babur ɗinsa yake shan mai,
A nan kuma 'ya'yansa ke cin tuwo da miyar kifin gari.

Na koma gida hannu rabbana.
Bayan isha'i, a kan dakalin masallaci,
Talle ya ce rumfarsa na son sha ɗaya,
Malam Shekarau goma, don zaure,
Ladingo mai ƙosai ta aiko jikanta, ita shida.
Na ja kara a ƙasa, na share, na sake ja.
Arba'in! Bandir biyu, babu ragi babu ƙari.

Cindo ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Ya rage, amma bai kai na Nomau ba,
Benci kuwa ban gan shi ba har yau.
'Yan dako suka ciji nasu, mai mota ya gutsura,
Falle ɗaya ya lanƙwashe a ramin hanya,
Kowa ya kau da kai, ni na ɗauke shi.
Abin da ya saura a tafina:
Kwaɗon ƙofa ɗaya, da goro na ɗari.

Nomau ne dai ya hau ya buga.
Ya ɗora kuɗin aiki, yana murmushi da ƙusa a baki,
Wai tunda mun iya sari, mu koyi guduma.
Ban tanka ba. Na riƙe masa tsani.

Daren ruwan farko na leƙa ɗakin Iya.
Ƙasa a bushe, tasoshi a kife.
Ta ce, "Wannan ganga da ka ɗora mini a ka,
Wa zai yi barci?"
Ta juya bango tana mita,
Kafin in ja ƙofa har ta fara minshari.