Ɗinkin Hanya

Shekara talatin da ɗaya ina taka keke
a rumfata ta kasuwar Dole,
ƙafa na gudu, ni ina zaune,
ko bakin titi bai taɓa kai ni ba.
Ran da zare ya fara ƙin kafar allura
na bar wa Tsahiru almakashi da littafin bashi,
na sayi ɗaya keken, mai tafiya.

Na fita da asuba.
Duwatsun Damagaram sun gurfana a duhu
kamar raƙuman da ayari ya manta.
A bayana tabarma, buta, famfo,
garin ƙuli a ƙulle, da rigar Juma'a.

Kafin Mirya tayar baya ta saki numfashi.
Ƙaya guda, ba ta kai tsinin allura ba,
ta sauke dattijo daga kan sirdi.
Ɗan Jimo mai faci ya tsoma roba a kwano,
muka sunkuya mu biyu muna jiran kumfa.
Ya ce, Baba, ina zuwa? Na ce Gure.
Rasuwa aka yi? Na ce a'a.
Suna? A'a.
Ya dube ni, ya dubi keken,
ya rage mini dala goma
irin ragin da ake yi wa marar lafiya.

Hanya doguwar yadi ce da ba a auna ba.
Kaka ta yi, dammunan gero sun jingina da juna,
iskar gabas kuma ta ɗauke ni abokin kokawa.
Da hantsi inuwata na bina a baya,
da la'asar ita ke gaba,
ta riga ni shiga kowane ƙauye.

A shinge jandarma ya juya takardata sau uku.
Ni wandonsa nake kallo:
wanda ya yi masa wannan kalmasa
bai ji tsoron Allah ba.

Na tsaya don wani buzuzu ya ƙetare kwalta,
yana tura dunƙulensa da baya da baya,
kai a ƙasa, bai ga inda za shi ba.
Babbar mota ta wuce da albasa, ta bar mu da wari.
Ya tsira. Na taya shi murna a fili,
sannan na waiga ko wani ya ji ni.

Wa ya fara cewa akuya ta san gida?
Na ga guda tara yau, duk a tsakiyar hanya suke shawara.

Gidimuni, kwana na biyu.
Ruwa kwance a gindin rairayi, dabino na leƙa fuskarsa.
Na wanke riga, na shanya a kan ƙahon keke.
Habsu mai fura ta ji an ce tela ne,
ta jawo ɗanta da hammatar riga a yage.
Allura na nan a hulata, ba ta taɓa barina ba.
Na lashi zare, na kai, na kuskure,
na sake, na kuskure.
Yaron ya karɓa, ya zura sau ɗaya
yana kallon wani wuri.
Na ɗinke. Aka ƙara mini ludayin nono biyu.

Da dare Zuwaira ta kira:
ka bar man gwiwa a kan taga.
Na ce na sani. Ban sani ba.
Ta ce kaza mai wake-wake ta ƙyanƙyashe bakwai,
sai kuɗin waya ya ƙare.

Na kwanta a barandar masallaci,
ƙafafuna ba su ji labarin an tsaya ba,
suna ta takawa cikin bargo.

Gobe akwai tudu, in ji masu shayi,
da ƙarangiya in na kauce.
Wani abu a sarƙa na ƙas, ƙas, ƙas tun Mirya.
Na san wurin, na san maganinsa, ɗigon mai ne.
Na bar shi.
Haka tsohon kekena yake yi
in ya kama bakin zane.