A-kori-kura a Taɓon Alaba Rago

Ruwan Ikko kwana uku bai ɗauke ba,
hanya ta dame ta koma kunu.
A-kori-kurata baya fayau,
taya na juyi wuri guda kamar dutsen niƙa.

Haladu ya bugo daga ƙasar ƙanƙara:
"Mu nan sarƙa muke ɗaura wa taya."
Ni ina na ga sarƙa?

Buhun yashi huɗu na aza mata a baya,
na rage iska kaɗan,
na cusa katako ƙarƙashi,
giya ta biyu, ƙafa sannu
kamar mai shiga ɗakin surukai.

Ta yi nishi. Ta cafki ƙasa.
Iya mai burodi ta rangaɗa shewa,
ni kuwa taɓo har gemu.
Ashe rashin kaya ke sa santsi.