Kafin Rana Ta Dawo

Kwana arba'in ke nan rana ba ta leƙo Tromso ba.
Tsakar rana ce, fitilun titi na ci,
ni kuwa ga ni gaban takardar canjin jami'a.
Na cike suna, na cike shekara, na cike lamba,
saura layi ɗaya can ƙasa,
ɗan gajere, amma ya fi gadar garin nan tsawo:
wurin sa hannu.

Bergen, in ji takardar.
Can ruwan sama ake yi, ba dusar ƙanƙara ba,
can inna take da tukunyar miyar kifinta,
can Solveig take, wadda muka yi firamare tare.
Ta turo hoton ɗaki mai taga biyu,
ta ce gado ɗaya ba mai shi, Eldrid, sai kin zo.

Ranar Talata na je ofishin rajista.
Matar ta gyara tabarau, ta bi darussana da bakin biro:
wannan za su karɓa, wannan ma,
waɗannan biyun kuwa sai kin sake.
Su ne fa biyun da na sha wuya a kansu,
na haddace sunayen ƙananan halittun teku
har suka riƙa gaishe ni a mafarki.
Yanzu a ce na zuba su a ruwa, na juya?

Baba ya kira daga jirgin kamun kifi,
iska na yayyaga maganarsa.
Ya ce, ni dai ban taɓa zama a aji irin naku ba,
amma in kifi ya ƙi ci a wuri, akan matsa gaba,
sai dai a fara dubawa
ko igiyar ce ba ta kai ƙasa ba.
Layin ya yanke.
Maganar ta tsaya mini a maƙoshi kamar ƙaya.

Inda aka ce a faɗi dalili
na rubuta: kusanci da iyali.
Ban rubuta jarrabawar lissafin da ta kayar da ni ba.
Ban rubuta mako ukun da na yi
ba wanda ya ji muryata sai mai karɓar kuɗi a kanti.
In na tafi, waɗannan za su zauna a nan ne,
ko za su riga ni shiga akwati?
Kada a ce an gudu ba a tsira ba.

Amma zaman ma ba jarumta ba ne kullum.
Wani zaman tsoro ne ya sa rigar haƙuri.

Jiya a ɗakin gwaje-gwaje
tsohuwa Gunvor, mai wanke kwalabe,
ta miƙo mini kofin shayi ba ta ce uffan ba.
A gindinsa ta manna ɗan farin tef,
ta rubuta sunana da hannunta mai rawa,
ta yi kuskuren harafi ɗaya.
Ban san ta san ni ba.
Na sha, ya ƙona mini harshe, ban ajiye ba.

Yau na fito ba safar hannu,
na taka har tsakiyar gada.
Bayan duwatsu, can kudu,
wani ja-ja ya ɗan taso kamar garwashi a toka,
ya yi rabin awa, ya koma.
Kudu ke nan, inda inna take.
Nan kuma inda nake tsaye ne ake ganinsa.

Na dawo yatsuna sun ƙage.
Takardar na nan, biron na nan, murfinsa a buɗe.
Ban sa hannu ba, ban yaga ba.
Saura kwana tara a rufe karɓa,
saura sha ɗaya rana ta fito.
Wanda ya tsara kwanakin nan bai taɓa zama a nan ba.

Na ɗora tukunya.
Na buɗe littafin lissafi a shafin da ya kayar da ni.