Gadon da ke Ja

Shekara ashirin da bakwai ina hawan
matakalan Valparaíso da tukunyar gas a wuya.

Garin nan a tsaye aka gina shi,
gida kan gida, teku a ƙasa tana leƙe.
Mota ta kai ka gindin tudu ta ce iyakata ke nan.
Nakan buga ƙarfe a jikin tukunya, ƙwal, ƙwal,
tsofaffi su leƙo ta taga: Nibaldo, hawo!
Taki ɗari da sittin da biyu zuwa ƙofar Eduvigis,
ta ba ni shayi, ta sa min albarka.
Ban taɓa tambayar bayana ba ko ya yarda da tafiya.

Ashe bashi nake ci.
Ranar biya, ba tukunya ce ta kayar da ni ba.
Cokali ne ya faɗi, na sunkuya,
wani abu ya ce ƙas a ƙuguna,
wuta ta bi ƙafar hagu har babban yatsa,
na tsaya a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Likita ya ɗaga hoto ga haske.
Ga ƙasusuwa jere kamar gidajen unguwarmu,
ga ɗan filon guringuntsi tsakanin biyun ƙasa,
ya gaji da danniya, ya turo gefe,
ya zauna daram a kan jijiya.

Wuƙa tana nan, in ji shi, amma ba yau ba.
Mu gwada ja. Wani kan dace, wani ba ya dacewa,
ba na sayar da alkawari.
Orfelina ta damƙe hannuna, ta ce ja kamar yaya?
Ya ce irin na mai warware ƙulli, ba na mai tsinka igiya.

Talata da Juma'a.
Yarinyar, Yasna, ba ta kai 'yar autata ba,
ta ɗaure ni a ƙirji, ta ɗaure ni a kwankwaso,
ta sa min maɓalli a tafi: in ya yi zafi danna, ban da jarumta.
Ni da ke saɓa tukunya biyu a tashi ɗaya,
ga ni ɗaure kamar kayan bayan mota, ina jin kunya.

Sai gadon ya rabu biyu, faɗin yatsa ko bai kai ba.
Ya ja. Ya riƙe. Ya saki. Ya sake ja,
kamar tekun ƙasan tudunmu da ba ta san gaggawa ba.
Na ƙirga tabon silin, bakwai, ɗaya mai siffar jirgi.
Rabin awa ba wanda ya kira sunana ta taga.
Hawaye ya gangara cikin kunnena.
Yasna ta ce zafi? Na ce a'a, 'yata,
iska ce ta ratsa inda shekaru suka toshe hanya.

Zuwan farko, shiru. Na huɗu, shiru, har na fara tausayin kuɗina.
Na tara, na tashi da asuba na sa safa da kaina,
Orfelina ta rufe fuska da bargo tana dariya.

Ban warke sarai ba, kada a ari bakina.
In hadari ya taso daga teku, ƙuguna ke fara sani.
Tukunya ta koma kafaɗar Matías, ɗan ƙanwata.
Na ce masa durƙusa da gwiwa, kar ka lanƙwasa.
Ya ce to, kawu,
irin to ɗin da na yi wa ubana yana jinya.

Jiya na hau wurin Eduvigis hannu rabbana.
Na huta a taki na sittin, na huta a na ɗari da goma,
na juya. Ashe daga nan ana hango jirage har ƙarshen ruwa,
ni da na shekara ina kallon takalmina.
Ta buɗe ƙofa, ta ce ina gas?
Na ce shayi na zo sha.
Ta ce to shigo, ga kujera, jingina baya.